Inda Ruwa Ya Kwanta

Sabi'u mai tayil ya ce dubu saba'in, ban da abinci.
Na dubi banɗakin, taku huɗu a tsaye, uku a kwance,
na tuna fanshon da bai motsa ba tun Sha'aban,
na ce masa, Allah ya kai mu.
Ya gane. Ya ta da mashin ɗinsa.

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da lissafi a Rafin Daɗi,
alli ya cinye mini zanen yatsu.
Murabba'i ai na san shi har kakansa.
Na sayo kwali tara a Ƙofar Ƙaura,
masu kaushi, launin ƙasa, don kada Inna ta zame,
da siminti buhu biyu, da cokalin magini na aro.

Ranar farko bango ya ƙaryata ni.
Zare ya ce miƙe,
bango ya ce ba haka aka haife ni ba.
Wanda ya ɗora bulon nan da ido ya auna,
idon kuwa da hakiya.

Kwaɓin farko ya fito kamar kunun majinyaci.
Na biyu, tuwon jiya.
Ba wanda ya faɗa mini ana jiƙa tayil
ya sha ya ƙoshi, kamar gero kafin surfe.
Busassun da na manna suka tsotse ruwan simintin,
da safe suka ɗago ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ni.

Jikata Lantana ta zauna bakin ƙofa
tana karye kawunan ashana,
tana miƙo mini tsinken in soka tsakanin tayil da tayil.
Ita ke ƙidaya waɗanda na fasa wurin zagaye rariya.
Biyar, Kaka. Shida.
Na shidan ya tafi da fatar babban yatsana.

Tsalha magini ya leƙo bayan la'asar, bai ce sannu ba.
Ya bi daɓen da gindin sandarsa,
ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai bum.
Ya ce, Malam, wannan da yunwa a cikinsa,
ganga ka haɗa.
Ya karɓi cokalin, ya shafa kwaɓi har kusurwa huɗu,
ya danna, ya murza kaɗan, ya bubbuga da ƙota,
sau ɗaya tak, ya tafi masallaci.

Kwana tara Turai na wanka bayan akurkin kaji,
tsohon zane ne labulenta.
Ba ta yi magana ba. Tulun dai take direwa da ƙarfi.

Ran na goma na kwara bokiti guda.
Ruwa ya dubi rariya, ya juya mata baya,
ya taka a hankali zuwa lungun ƙofa,
ya kwanta kamar baƙon da ya zo da tabarmarsa.
Na shimfiɗa komai daidai wa daida, irin layin littafi,
na manta gangaren yatsa guda.

Goma sha ɗaya na ɓamɓare.
Gwiwata ta kumbura, sujada ta koma ciniki.

Yanzu farin siminti ya cike layukan,
na goge da tsumman tsohuwar rigar makaranta.
Akwai guda bayan ƙofa da ya karkace, hancinsa sama,
na bar shi, ni da shi mun san juna.
Inna ta shiga da butarta,
ta shafa ƙasa da tafin ƙafa, ta ce, ba santsi.

Na haɗa lissafin a bayan kwali:
dubu sittin da takwas, har da maganin gwiwa.
Ban nuna wa Turai ba.

Jiya da tsakar dare, ba wuta, gari ya yi tsit,
na ɗebi ruwa a moɗa na zuba daga bakin ƙofa,
na tsaya cikin duhu
ina jin yadda yake gangarawa.